Maƙalewa da Katsewa a Wasan Intanet: Inda Matsalar Ke Ɓuya a Netwok ɗin Gida

Wasan gem na intanet, irin su PUBG Mobile da Call of Duty da Free Fire da Fortnite, ko na ƙwallo kamar eFootball da EA Sports FC, aike ne da amsa da ba sa tsayawa tsakanin na'urar mai wasa da wata babbar kwamfuta da ke can nesa, wadda ake kira uwar garke. Duk abin da mai wasa ya danna, na'urarsa takan ɗaure shi cikin ɗan ƙaramin ƙunshin bayani ta aika. Uwar garke ta haɗa shi da na sauran 'yan wasa, ta yanke hukuncin wanda ya riga harbi ko wanda ya riga kai ƙafa ga ƙwallo, sannan ta maido wa kowa amsa. Hakan na faruwa sau da dama cikin daƙiƙa guda. A wasan Valorant, alal misali, uwar garke na sabunta lissafinta sau 128 a kowace daƙiƙa.

Lokacin da ƙunshi ke ɗauka ya je ya dawo shi ne ping, lambar nan da ke ɗan lungun allo. Ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan ba ta wuce 50 ba, hannu da ido ba sa jin wani jinkiri. Daga 100 zuwa sama mai wasa zai fara ji a jikinsa, idan kuwa ta haura 200, wasan harbi ya zama wahala: ya riga ya shige bayan bango a allonsa, amma a lissafin uwar garke yana fili, har an gama da shi.

Sai dai abin da 'yan wasa ke kira lag ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai ping mai tsawo amma tsayayye, wanda mutum kan saba da shi har ya riƙa danna maɓalli da ɗan wuri. Akwai ping mai rawa, yanzu 60, an jima kaɗan 300, sai ya dawo 70. Wannan ya fi cutarwa, domin hannu ba ya iya sabawa da abin da ba shi da tsari. Akwai kuma ɓatan ƙunshi a hanya. Yawancin wasanni na aika bayanansu ta tsarin UDP, wanda ba ya tsayawa neman abin da ya salwanta, domin labarin inda ɗan wasa yake rabin daƙiƙa da ta wuce ba shi da sauran amfani. Idan ƙunshi ya ɓace, sai a ga ɗan wasa ya yi gaba an fizgo shi baya, ko abokin karawa ya ɓace nan ya ɓulla can. Idan shirun ya ɗauki wasu daƙiƙu, uwar garke ta ɗauka mutum ya tafi, ta fitar da shi daga wasan.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne zaton cewa ƙarin gudun intanet ne magani. Gudun da kamfanoni ke tallatawa, megabit 20 ko 100 a daƙiƙa, yawan kayan da layi ke iya ɗauka ne. Wasa kuwa ba kaya mai yawa yake aikawa ba. Yawancin wasanni ba sa cin ko megabit guda a daƙiƙa yayin da ake cikin fafatawa, kallon bidiyo ya fi su shan data nesa ba kusa ba. Tirela tana ɗaukar buhu ɗaruruwa, babur kuwa wasiƙa ɗaya zai kai, kuma abin da wasa ke bukata shi ne babur ɗin ya isa da wuri, kowane zuwa a kan lokaci. Shi ya sa ake samun gidan da gwajin gudu ke nuna megabit 80 amma wasa na maƙalewa, da gidan da ke da megabit 10 ana wasa lami lafiya.

Hanyar gano matsala ita ce a bi sawun ƙunshin daga hannun mai wasa zuwa waje, zango bayan zango, kuma a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Wanda ya canza abu biyar lokaci guda, ko matsalar ta tafi bai san wanne ya kore ta ba, ranar da ta dawo kuma sai ya koma farko.

Zangon farko shi ne na'urar kanta. Ba kowace maƙalewa ce daga netwok ba. Wasan da ke tafiya sumul yana zana hoto 60 a daƙiƙa. Idan waya ko kwamfuta ta gaza, adadin ya faɗo zuwa 20, hoton zai riƙa tsinkewa alhali ping na nan lafiya. Gwajin mai sauƙi ne: a shiga filin atisaye ko wani sashe na wasan da ba ya bukatar intanet. Idan a can ma yana cijewa, netwok ba shi da laifi. Zafi ne babban dalili a ƙasashen da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Waya na rage ƙarfin aikinta da kanta idan ta yi zafi don kada ta lalace, kuma wasa tana jone da caji, cikin rigar roba mai kauri, yana hanzarta hakan. Rage ingancin hoto a saitin wasan, cire rigar, da rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye sukan wadatar.

Daga nan sai tsakanin na'ura da rauta, akwatin nan mai ƙananan fitilu da ke raba intanet a gida. A kwamfuta mai Windows, ana buɗe baƙin allon umarni a rubuta ping -t sannan adireshin rautar, wanda galibi yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na'urorin Huawei. Yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta. Akwai manhajojin waya da ke yin aikin. Layuka za su riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, kowace daƙiƙa layi guda, kowanne da lambarsa. A gida mai lafiyar netwok za a ga 1, 2, 1, 3, 2. A gidan da Wi-Fi ke da matsala za a ga 2, 3, 148, 4, 310, sai layi guda da ke cewa lokaci ya ƙure babu amsa. Wannan ƙunshin ko ƙofar gida bai fita ba, don haka babu dalilin kiran kamfani. Sai a buɗe allo na biyu a gefe, a aika ping zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, a bar su biyun suna tafiya yayin da ake wasa. Idan duka biyun suka yi tsalle tare, matsalar tana cikin gida. Idan na rauta yana nan daram, na waje kaɗai ke rawa, tana daga rautar zuwa gaba. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi duk wata shawarar sayen sabuwar na'ura amfani.

Wi-Fi rediyo ne, kuma na'urorin da ke kan tasha ɗaya bi da bi suke magana. Idan biyu suka yi karo, kowacce ta dakata ta sake. Zangon 2.4 gigahaz yana kaiwa nesa kuma yana ratsa bango, amma tashoshi uku kacal ne a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. A unguwar da gidaje ke manne da juna, rautocin maƙwabta duk a nan suke cunkushe, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci ta maikurowef da ke aiki a kusan wannan zango. Zangon 5 gigahaz ya fi yalwar tashoshi da ƙarancin hayaniya, sai dai bangon bulo biyu kan raunana shi. Mai wasa a ɗaki ɗaya da rauta, ko ɗakin da ke kusa, 5 ya fi masa. Ita ma rautar a ɗaga ta sama a fili, ba a cusa ta bayan talabijin ko cikin kabad ba, kuma a nisanta ta da ƙofar ƙarfe da firji da tankin ruwa. Na'urar ƙara nisan Wi-Fi da ake jonawa a soket tana cika sandunan sigina a waya, amma kowane ƙunshi sai ta karɓa ta sake aikawa, don haka jinkiri take ƙarawa.

Maganin da ya fi kowanne shi ne kebul. Igiyar Ethernet nau'in Cat5e ko Cat6 tana kai mita 100 ba tare da rauni ba, kuma kuɗinta bai kai na datar wata guda a gidaje da yawa ba. Duk mai PlayStation ko Xbox ko kwamfutar tebur da ke iya jan igiya daga falo zuwa ɗaki, ko da ta bin gefen bango ne, ya ja. Har wayoyi da yawa masu ramin USB-C suna karɓar ɗan abin jona kebul.

Akwai matsalar da kebul ba ya magancewa, kuma ita ce ta fi yawa a gidan da mutane ke da yawa. Bayan sallar isha'i kowa ya dawo, wayoyi shida sun hau rauta. Ɗaya na ɗora bidiyon biki a WhatsApp, wata wayar ta ga Wi-Fi ta soma kwashe hotunan yini zuwa Google Photos ba tare da mai ita ya sani ba, talabijin na jan fim. A take ping ɗin mai wasa ya tashi daga 90 zuwa 600. Dalilin shi ne rauta da modem suna da ma'ajiyar da ƙunshi ke jira a ciki idan layi ya cika, kuma masu ƙera su sun yi ma'ajiyar da girma don kada komai ya zube. Layi na cika, ma'ajiyar ta cika maƙil, ƙunshin wasa kuma dole ya bi sahu a bayan dubban ƙunshin bidiyo, babur ya faɗa bayan jerin tireloli a kan siririyar gada. Injiniya Jim Gettys ne ya fito da wannan ciwo fili a shekarar 2010 bayan ya ci karo da shi a netwok ɗin gidansa a Amurka, kuma a 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar da dabarar CoDel ta hana sahun yin tsawo.

Ɓangaren ɗora kaya ne ya fi saurin toshewa, domin a yawancin layukan gida ya fi na saukewa ƙanƙanta sosai. Ana tabbatar da ciwon ta hanyar barin ping na tafiya, sannan a soma aika babban bidiyo daga wata waya. Idan lambar ta yi sama ta zauna can har aikawar ta ƙare, an kama ɓarawon. Rautocin da ke da saitin SQM, ko waɗanda aka sa wa manhajar OpenWrt, suna maganinsa: ana gaya wa rautar ta tsaya a kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na ainihin gudun layin, ta yadda sahun zai taru a hannunta, inda za ta iya ba kowace na'ura rabonta ta kuma wuce da ƙananan ƙunshi gaba. An yi asarar ɗan gudu, an samu ping mai natsuwa, kuma cinikin ya yi riba. Saitin QoS da ke cikin rautoci masu sauƙin kuɗi bai kai wannan ba, amma yana ba da damar fifita na'urar wasa ko sa wa sauran iyaka. A layin 4G, inda gudun ke hawa da sauka da kansa, dole a sa iyakar ƙasa da abin da ake samu a lokacin cunkoso, in ba haka ba saitin ba zai yi aiki ba. Inda rautar ba ta da ko ɗaya, abin da ya rage shi ne a kashe ajiyar hotuna ta kai tsaye a wayoyin gida, a mayar da sabunta manhajoji da na wasanni zuwa tsakar dare. Sabuntawa ɗaya ta Call of Duty kan kai gigabait masu yawa, kuma na'urar wasan kanta tana iya saukewa a ɓoye ana tsakiyar fafatawa.

Katsewa gaba ɗaya, inda wasa ya fitar da mutum, sau da yawa daga wuta take. An ɗauke wuta, an tada janareta ko inbata ta karɓa, fitila ta ɗan ƙifta kawai, amma rautar ta mutu ta sake tashi, kuma kafin ta gama haɗuwa da layi minti ɗaya ko biyu sun wuce. Na'urar wasa da ke kan batir ba ta nuna komai ba, sai a ɗora laifin a kan netwok. A shafin saitin rauta akwai wurin da ke nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. Idan ya nuna minti uku bayan an katse, amsar ta fito. Ƙaramin batirin rauta mai bolt 12, wanda ake sayarwa a kasuwannin kayan waya, yana rufe wannan ƙofa. Cajar da ta tsufa ma kan sa rauta ta riƙa mutuwa idan aiki ya yi mata yawa, haka zafi, haka kan kebul da ɗan maƙallinsa ya karye yana motsi a rami.

Daga ƙofar gida zuwa kamfani, kowane irin layi da halinsa. Faiba ta fi kowanne natsuwa. Idan fitilar LOS ta yi ja a akwatinta, haske ba ya isowa, igiyar ta yanke ko ta lanƙwashe, aikin ma'aikatan kamfani ne. Masu rautar 4G ko 5G ko MiFi kuwa suna raba eriya guda da duk unguwa, shi ya sa layin da ke lafiya da asuba yake rikicewa daga magariba zuwa sha ɗayan dare. Sandunan sigina ba sa faɗin gaskiya duka. A shafin rautar akwai lambobi biyu da suka fi su: RSRP, wadda idan tana kusa da -80 ko -90 ƙarfin sigina ya yi kyau, idan ta gangara -110 ya yi rauni, da SINR, wadda ke nuna tsabtar siginar, ana son ta haura 10, idan ta kusa sifili hayaniya ta rinjaye ta. Matsar da rauta zuwa tagar da ke fuskantar eriyar kamfani, ko sa mata eriyar waje a saman kwano, na iya canza lambobin sosai. Yana da kyau kuma a kulle ta a kan 4G kaɗai idan tana yawan sauka zuwa 3G, domin kowace sauka katsewa ce. Gwada layin wani kamfani ta hotsifot ɗin waya na awa guda yana nuna ko eriyar ce ta cika.

Starlink, mai ba da intanet ta taurarin ɗan adam, wanda ya soma aiki a Najeriya a Janairun 2023, taurarinsa na shawagi a nisan kilomita kusan 550, don haka jinkirinsa bai kama ƙafar na tsofaffin taurarin da ke kilomita 35,786 ba, waɗanda ping ɗinsu ke kaiwa 600. Rauninsa shi ne reshen bishiya ko ginin da ya tare wani yanki na sama, da ruwan sama mai ƙarfi. Kowannensu na jawo 'yar katsewa ta daƙiƙu, wadda mai kallon bidiyo ba zai lura ba amma mai wasa zai ji.

Wani lokaci ping lafiya, amma a kasa shiga rukunin abokai, ko muryarsu ta ƙi fitowa, ko a daɗe ana neman abokin karawa. Wannan aikin NAT ne, dabarar da rauta ke raba adireshin intanet guda ga duk na'urorin gida. PlayStation na nuna nau'i na 1 ko 2 ko 3, Xbox kuma na nuna a buɗe yake, ko matsakaici, ko a tsuke. Nau'i na 3 da tsukakke su ne masu wahala, musamman a wasannin da na'urori biyu ke haɗuwa kai tsaye. Kunna UPnP a rauta kan gyara. Idan rauta biyu ne a jere, ta kamfani da wadda maigida ya ƙara, sai a mayar da ɗayar gada ko mai watsa Wi-Fi kawai. Amma adireshin IPv4 biliyan 4.3 ne kacal a duniya, sun yi kaɗan, don haka kamfanonin waya da dama na sa dubban kwastomomi a bayan adireshi guda. Alamar hakan ita ce adireshin waje na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. A nan duk buɗe ƙofofin da za a yi a rauta aikin banza ne. Sai dai a nemi kamfani ya ba da adireshi na kai, inda yana bayarwa, ko a kunna IPv6 idan layin da wasan duka suna ɗauka.

Bayan an gyara duk wannan, sauran nisa, kuma shi ba a gyara shi. Haske na tafiyar kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa cikin igiyar faiba, wato kowane kilomita 1,000 na cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Igiyar MainOne da ta soma aiki a 2010 tana da tsawon kilomita 7,000 a ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal. An riga an ci milisakan 80 ke nan tun ƙunshi bai kai Landan ko Farankfot ba, inda uwayen garken wasanni da yawa suke. Mai wasa a Kano ko Maraɗi da ke ganin 120 zuwa 150 a uwar garken Turai, tsayayye ba rawa, netwok ɗinsa lafiya lau yake, kuma babu rautar 'yan gem mai eriya takwas da za ta mayar da shi 30. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na uwayen garke a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Kef Tawun a 2020, wasu wasanni kuma na da uwar garke a can ko a Gabas ta Tsakiya. Amma kusanci a taswira ba ya nufin kusanci a igiya, domin wasu kamfanoni sai sun bi da ƙunshi ta Turai kafin ya gangaro kudu. A gwada kowane yanki da wasan ya bayar, a zauna a wanda lambarsa ta fi ƙasa kuma ta fi natsuwa. Umarnin tracert na nuna zangunan da ƙunshi ke bi da inda lambar ta yi babban tsalle.

Wani lokaci hanyar ce kanta ke yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024, igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa da wasu ƙasashe, kuma gyaran ya ɗauki makonni. A irin wannan hali ana karkatar da bayanai ta hanyoyi masu nisa da cunkoso, ping ya tashi ga kowa.

Shawarwari biyu na yawo a tsakanin 'yan wasa da ya kamata a san iyakarsu. Canza DNS zuwa 8.8.8.8 yana iya taimakawa idan wasa ya ƙi buɗewa ko shiga asusu, amma ba ya rage ping, domin aikinsa nemo adireshi ne a farko, ba ɗaukar ƙunshin wasa ba. VPN kuwa zango yake ƙarawa, galibi jinkiri ya ƙaru. Yana amfani ne kawai idan hanyar da kamfani ke bi karkatacciya ce, shi kuma ya samu miƙaƙƙiya, kuma wasu wasanni na hukunta masu amfani da shi.

Idan gwaji ya nuna laifin na layin kamfani ne, ƙorafin da ke tafe da hujja ya fi saurin samun kulawa: hoton sakamakon ping a kan kebul, ranar da lokacin da aka yi shi, adadin ƙunshin da ya ɓace, da shaidar cewa ping zuwa rauta bai motsa ba. Idan kuwa ping zuwa 8.8.8.8 na nan daram, sauran wasanni na tafiya, wasa ɗaya ne kawai ke fitar da mutane, to uwar garkensa ce ta cika ko ake mata gyara, abin da ya fi faruwa ranar da aka saki sabon zango na wasan. PlayStation da Xbox da Epic Games duk suna da shafukan da ke nuna halin da sabis ɗinsu ke ciki, kuma a nan ake dubawa kafin a taɓa saitin rauta.